Giyayyun Katuzu da Motar Abuja

Gashuwa,
ranar Juma'a da hantsi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa a Kubwa kika buɗe wannan takarda, a gidan kawunki Adamu, kin sauka lafiya, ƙafa ba ta kumbura ba, kaya bai ɓata a tasha ba. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon gari, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki. Na sa innarki ta cusa takardar a ƙasan jaka, ta kuma ja miki kunne kada ki taɓa sai kin isa. Na san halinki. In a gida kika karanta, kafin in kai zaure kin tare ni da hujjoji.

Ni fa murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Tun ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo, ban bar kowa ya sayi kifi cikin kwanciyar hankali ba. Mutum ya zo tayin tarwaɗa, sai ya tafi da labarin Abuja a kan gyara. Na sa an yi mini kwafin takardar, tana aljihuna har ta fara warin banda. Jikar mutumin da ya taso daga Haɗeja da jaki ɗaya da tabarma, yau ita ce za ta zauna a ofishin gwamnatin tarayya, a kira ta da sunanta. Wallahi na ji daɗi, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Ke kaɗai ce ban iya gaya wa baki da baki ba. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi. In na ɗaga ido zan yi miki doguwar magana, sai in ga kamar tsohuwar ce ke kallona, sai bakina ya mutu. Shi ya sa na ɗauki biro.

Innarki ta kawo mini saƙonki. Ta ce da kika je ganawar neman aikin nan kin buɗe ido sosai. Kin ga kananzir yana wuya a can, gidaje da yawa sun koma gawayi, buhu ɗaya yana tsadar da in aka faɗa a Gashuwa sai a ce ƙarya ne. Kin kuma ga matan ofishin kowacce da motarta, ba ki so a riƙa ganinki kina sauka daga bas da ƙura a gyale. Sai kika haɗa biyun: a sare itatuwan giyayyar da suka rage mana a bakin tafki a Katuzu, a ƙona gawayi, a riƙa aiko miki Abuja, da ribar ki sayi 'yar mota. Da na ji, dariya na fara yi har da tafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko ni da na shekara talatin a kasuwa, da ƙyar in ƙulla shi da kyau haka. Amma da aka kawo tuwo na kasa ci, domin motar nan na taɓa sayenta, itacen nan kuma na taɓa sare shi. Bari in gaya miki yadda kowanne ya ƙare da ni.

Lokacin kina firamare, mu masu kifi ba wanda ke da mota. Mukan haɗa kayanmu a babbar mota ɗaya zuwa Nguru, a zuba a tarago ɗaya, jirgin ƙasa ya ja. Mu kuma mu zauna a kan kwanduna muna cin gyaɗa, kafin mu kai Kano kowa ya san farashin kowace kasuwa, ya san wanda ke aurar da 'ya da wanda ke neman abokin ciniki. Da jirgi ya fara wasa da hankalin mutane, yau ya zo, sati biyu babu, sai abokaina suka ce mu riƙa ɗaukar shatar babbar mota ɗaya mu duka har Kano. Ni kuwa a shekarar na dawo daga Makka. Na ga bai dace Alhaji sabo fil ya hau bayan mota yana riƙe hula ba. Na sayi a-kori-kura tawa ni kaɗai. Rabin bayanta kaya, rabi iska, amma in na shigo kasuwa ina danna oda sai in ji kamar ni na gina garin.

Sai wahalar man fetur ta zo. Wata tafiya na cika mota da bandar da ta fi kowacce kyau a shekarar, na isa Nguru mai ya ƙare. Kwana huɗu ina layin gidan mai. 'Yan bumburutu suna zagaya ni da galan, farashin da suke faɗa kuwa in na biya gara in zubar da kifin a kogi. A rana ta biyu abokaina suka wuce ni a babbar motarsu. Su sun haɗa ƙarfi sun cika tanki ɗaya, ya ishe su duka. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya ce, «Alhaji, a gaishe da layi.» Rana ta dafa kayana ƙarƙashin tamfol, ƙwari suka shiga, kafin in kai Kano rabin kifin ya zama gari. Na sayar da shi a farashin abincin kaji.

Wannan ma ba ita ce babbar asarar ba. Daga gida zuwa kasuwa, tafiyar da nake yi da ƙafa tun ina saurayi, sai na koma yi da mota. Masallacin Juma'a da mota. Gaisuwar mutuwa a bayan layi da mota. Tumbi ya fito, mutane suna cewa Alhaji ya samu, ni ma na yarda. Bayan 'yan shekaru gwiwa ta ƙi, sai ga ciwon suga. Likita ya dube ni ya rubuta magani, sannan ya ce abin da ya fi maganin shi ne in riƙa tafiya da ƙafa kullum. Na biya kuɗi an ba ni shawarar abin da nake yi kyauta shekara ashirin. Kin tuna lokacin da na sayar da motar kuka yi ta kuka ke da ƙannenki? Ni a ranar na yi barcin rana mai daɗi.

To ki saurare ni. Sau uku na taɓa kai kaya Abuja, kuma gari ne da ya shiga raina. Tituna masu faɗi, an jera musu itatuwa dama da hagu, an bar wa mai ƙafa wurin tafiyarsa a gefe, ga duwatsu suna kewaye da gari, da damina ko'ina kore shar. Na ce a raina, in da Gashuwa ke da inuwar nan ai ko jaki ba zan hau ba. Amma da safe a hanyar shiga gari na ga abin da ya ba ni dariya. Motoci sun yi layi ba iyaka, kowace da mutum ɗaya a ciki, ya ɗaure wuya, ya rufe gilashi, yana shaƙar hayaƙin na gabansa. Na ce ashe irina suna da yawa, har sun samu babban birni. Kawunki ya ce ma'aikatarku tana da bas da ke ɗaukar ma'aikata daga Kubwa. Ki shige ta, Uwata, ki shige ta da ƙafar dama. A cikinta za ki san wanda ke da kirki a ofis da wanda za ki yi wa nisa, tun kafin ki biya kuɗin sanin. Ran da ta kuɓuce miki, ki nemi mata uku masu hanya ɗaya da ke ku haɗu a mota ɗaya. In tazarar ba ta wuce daga gidanmu zuwa bakin gada ba, ki taka. Ƙurar gyale kuwa da ruwa da sabulu take fita. Wadda za ta raina ki don ta ga kin sauka daga bas, ko da mota kika zo sai ta duba ta ga ta hannu ce.

Akwai kuma wani abin da na san innarki ba ta taɓa gaya muku gaskiyarsa ba, don ta rufa mini asiri. A da, duk kifin da muke sayarwa a kwandon kaba yake tafiya, ƙananan ciniki kuma a naɗe a ganye ko a takarda. Matan ƙauye ke saƙa kwandunan, su kawo ranar kasuwa. Ni ne mutum na farko a layinmu da ya kawo baƙar leda daga Kano da yawa. Na ce wannan ita ce wayewa, ba nauyi, ba jiran masu saƙa. Har a gida na hana a je cefane da kwando, wai kada a ce gidan Alhaji ƙauyawa ne. Leda ta cika bayan gida, ta cika kwata, iska ta rataye ta a kan kowace ƙaya. Jar saniyar innarki, wadda aka ba ta tun aurenmu, ta fara ramewa tana ci ba ta ƙiba. Muka yi jiƙo, muka yi allura, a banza. Da aka ga za ta mutu aka yanka, mahauci ya ciro daga tumbinta wani dunƙulen leda da ya cika daro. Innarki ta dube shi, ta dube ni. Ku kuma aka ce muku ciwon hanta ne. Har yau in na tuna kallon nan kunya nake ji.

Shi ya sa za ki ga kwandon kaba a cikin kayanki, ba don innarki ta rasa jaka ba. Ki je kasuwa da shi. Mai tumatir zai miƙo miki leda, mai albasa leda, mai gishiri leda a cikin leda. Ki ce a zuba a kwando. Za su yi miki dariya sati ɗaya, daga nan su riƙa kiranki Hajiya mai kwando, su kuma san ki, wanda aka sani kuwa shi ake yi wa gyara. Ruwan sha ki tafasa a gida ki cika gora ki tafi da ita ofis, ki bar ruwan ledar nan da ake tsotsewa a yar a titi. Sauran tarkacen girki kada ki haɗa da roba, ki ware wa kajin matar kawunki. In kin fita ɗaki ki kashe ƙwai da fanka, ko da ba ke ke biya ba. In za ki dafa wake ki jiƙa shi tukuna, ki rufe tukunya, wuta kaɗan ta ishe ki. Na san kina murmushi kina cewa Baba ya koma malamar girki. Mutumin da ya shekara talatin a bakin wuta ya san abin da take ci.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro tun farko.

Fadamar da kakanki ya bar mini a bayan Katuzu tafki biyu ne da ita, na gabas da na yamma. Ke na yamma kaɗai kika sani a matsayin tafki, shi ne wanda giyayyu suka kewaye. Na gabas shi ne wancan filin kacalla da muke wucewa kafin mu isa, ciyawar nan mai tsayi da ba ta barin ruwa ya wuce. Da can shi ma tafki ne, ya ma fi na yamma girma, giyayyunsa sun fi kauri. Tun kafin kakanki ya zo ƙasar nan, gidan su Maina ne ke kamun kifi a cikinsu. Kin san Maina, tsohon Babaden nan da ke kawo miki kifin ƙurungu a ƙulle a hularsa in ya zo gari. Shi ke kama na yamma, ƙanensa Kaku ke kama na gabas. Su kama, mu saya, mu yi banda. Haka muka gada, ba takarda, ba rigima.

Mutanen nan suna da wata ɗabi'a. Ba sa sare giyayyar da ƙafarta ke cikin ruwa. Busasshen reshe in ya faɗo su ɗauka, amma gatari ba ya taɓa mai rai. Ni kuwa a wancan lokacin kasuwa ta buɗe mini, kudu suna neman kifi kamar me, itacen banda kuma sai an sayo daga nesa. Ga giyayya a tsaye a filina, itacen da ke ci a hankali, ya ba kifi jan launin da masu saye ke so. Na ce a sare na gabas. Maina da Kaku suka zo har rumfata suka ce kada in yi, iyayensu sun hana. Na tambaye su dalili, suka ce haka suka tarar. Ni kuma da sabon rawanina na ɗauka camfi ne, na ɗauka tsoron iskokai suke. Har wa'azi na yi musu a gaban mutane, na ce itace itace ne, Allah ya halicce shi don amfanin ɗan Adam, su bar al'adun jahiliyya. Suka tashi suka tafi. Ni ɗan birni, jikan fatake, ina koya wa masunta ruwa.

Sati uku aka yi ana sara. Shekarar farko da ta biyu kifina ya fi na kowa kyau a kasuwa, na riƙa yi wa Maina tsiya ina tambayarsa ina iskokan suka koma. A ta uku abin ya fara bayyana. Ashe in kogi ya cika ya shigo fadama, cikin saiwoyin giyayyar nan kifi ke shiga ya yi ƙwai, 'ya'yan su ɓuya a ciki har su yi ƙwari. Ashe saiwoyin ne ke riƙe gaɓa. Ashe inuwar ce ke hana rana shanye ruwan tun kafin tsakiyar rani. Gaɓa ta zube, yashi ya cike gindin tafki, ruwa ya zama ɗan kaɗan mai zafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kacalla ta zo ta zauna, ta kawo tsuntsayen jan baki suka yi gida a cikinta, suka riƙa sauka a shinkafar maƙwabta. Mutanen da ban taɓa sayen kifinsu ba ma sai da na jawo musu asara.

Kaku ya yi shekara biyu yana jefa koma yana ciro ciyawa. Daga nan ya kwashe matansa da 'ya'yansa ya tafi bakin tafkin Chadi neman wurin kamun kifi. Bai dawo ba. Can ya rasu, can aka binne shi, Maina bai samu zuwa jana'iza ba, har yau bai san fuskar ƙananan 'ya'yan ɗan'uwansa ba. Da na je yi masa gaisuwa, ya karɓa da kyau, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Sai da zan tashi ya ce, a hankali, da Hausarsa ta Badawa:

«Alhaji, ba iska muke tsoro ba. Gidan kifi ne. Ka ƙona gidan kifi don ka gasa kifi.»

Na tashi na fita. Na hau motata na dawo gida, na rufe ɗaki na yi kuka kamar yaro. Wannan ne karo na farko da nake gaya wa wani.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada ki ce ban yi ba. Na sa an dasa wasu a gaɓar gabas damina uku a jere. Awaki suka ci wasu, ambaliya ta tafi da wasu, kacalla ta shaƙe sauran. Guda biyar suka rayu. Shekara goma ke nan, da ƙyar suka fi ni tsawo, ni kuwa kin san ba dogo ba ne. Da na sani ƙeya ce, Uwata, kullum a baya take.

Duk da haka, ki ji irin raunin ubanki. Da innarki ta kawo saƙonki, ta ƙara da nata. Ta ce yarinyar nan ba ta taɓa roƙonka komai ba, ta yi karatu da fitilar ƙwai, ta fitar da mu kunya, yau ta nemi abu ɗaya. Gaskiya ta faɗa. Na ji ba zan iya ce miki a'a ba a satin da na fi kowane sati alfahari da ke. Na ce wa kaina wataƙila a sare rabi a bar rabi. Ran Talata da safe na nemo wani mai ƙona gawayi, mutumin wajen Kumagannam, muka hau acaɓa biyu muka tafi Katuzu don ya ga itacen.

Mun tarar da Maina a cikin ruwa, ya kwanta a kan gorarsa ta masunta yana duba tarkuna. Tafkin cike, ruwan sanyi ƙalau a ƙarƙashin inuwa, ƙananan kifi suna walƙiya a cikin saiwoyi. Mai gawayi ya ji daɗi ƙwarai. Ya riƙa bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana rungumarsu don ya auna kauri, yana cewa rabon da ya ga irin wannan tun yana yaro. Maina ya fito ya ɗaura zanensa, muka gaisa. Ya tambayi lafiyarki, ya ce ya ji labarin aiki, ya yi miki addu'a mai tsawo har da ɗaga hannu. Duk wannan lokacin idonsa yana kan mutumin da ke rungumar itace. Na jira ya yi faɗa, ko ya tuna mini Kaku. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce:

«Alhaji, filinka ne. Abu ɗaya nake roƙo. In za a fara, ka gaya mini kafin ruwa ya janye, in san inda zan kai iyali. Ni na tsufa da zuwa Chadi.»

Mutum goma sha ɗaya ke ci daga tafkin nan, har da jikoki. Na sallami mai gawayi na ce zai ji daga gare ni. A hanyar dawowa mai acaɓa yana ta yi mini hira, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na yi tunanin in hana ki kawai, in ce ban yarda ba, magana ta ƙare. Ina da ikon haka, kuma na san ba za ki musa mini ba. Amma na ga abu biyu. Na farko, mutumin da ya share tafki guda da hannunsa ba shi da bakin da zai yi wa wani tsawa a kan itace. Na biyu, hani iyakarsa ran mai hani. Ina da suga, ina da shekaru. Ran da na kwanta dama, wani zai zo muku da lissafi mai daɗi kamar naki, a lokacin kuwa ba ni nan. Abin da zai tsare giyayyun nan shi ne mai su ya san abin da suke, ya bar su da kansa, ba don tsoron wani ba.

Don haka ran Laraba na koma Katuzu. A gaban bulama mai unguwa da liman da shaidu biyu na ba ki tafkin yamma kyauta, da gaɓarsa da duk itacen da ke kanta. An rubuta, na sa hannu, takardar tana wurin innarki. Ƙannenki na san abin da na tanadar musu, kada wannan ya dame ki. Daga ran Laraba ba ni da ko reshe ɗaya a wurin. In kin ce a sare, ba zan hana ba, ba zan yi fushi ba, ni da kaina zan nemo miki motar da za ta kai gawayin, kuma za ki samu motarki kafin shekara ta zagayo. Lissafinki daidai ne, ban ga kuskure a cikinsa ba. Nawa ma a wancan lokacin daidai ne.

Ina so dai ki yi wata guda tukuna. Ki shiga bas ɗin, ki taka a ƙarƙashin itatuwan Abuja, ki ga ko mutuncinki ya ragu. Ki karɓi albashinki na farko ki ji daɗinsa a hannu. In gawayin ne ke ba ki sha'awa don jinin kasuwa, akwai abin da ƙasar nan ke bayarwa kowace shekara ba tare da an kashe uwar ba: bandar kifi, shinkafa, kwandunan kaba, garin goruba. Mutanen Abuja suna da kuɗi da marmari, ke kuma kina da uba a bakin kaya. Motar za ta zo a hankali, ran da kika ga kina bukatarta da gaske, ba don idon wata ba.

Na gaya wa Maina cewa tafkin ya koma hannunki, amsa kuma daga Abuja za ta fito. Ya ce to, Allah ya sa albarka. Matarsa ce ta biyo ni har bakin hanya ta gaya mini abin da shi ba zai faɗa ba. Ta ce ya sayo zaren gyaran koma tun makon jiya, amma tun ran Talata bai kwance ƙullin ba. Wai ba ya so ya ɓata zare a kan ruwan da bai san ko zai sake shiga ba. In kin yanke shawara, ki kira wayar shagon maƙwabcinmu a ce a kira ni. Ko wacece amsar, a ranar zan hau acaɓa in kai masa.

Allah ya tsare ki fita da shiga, ya tsare mutuncinki da addininki da lafiyarki. Allah ya sa albarka a kujerar da za ki zauna da abincin da za ki ci. Ki gaishe da kawunki da iyalinsa, ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Allah ya ba ki idon da ubanki bai samu ba sai da ya makara. Ni dai na yarda da ke, shi ya sa na miƙa miki gatarin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Sule mai kifi